Tab Ɗin da Ya Maƙale a Sunan Abdulbaqi

Masu karatu, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau, ni kaina in na tuna shi sai na kifa fuska a filo na yi ta salati. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Zaituna, 'yar Malam Hashim ta unguwar Madabo, kuma an sa min rana da wani bawan Allah, Abdulbaqi, mai shagon huluna a kasuwar Kurmi, ɗan gidan Goni Modu na wajen Ƙofar Kabuga. Kar wanda ya tambaye ni ko ina son sa. Ina son sa, har haushin kaina nake ji saboda yadda nake son sa. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat: akwai sana'ar da nake yi wadda bai san da ita ba.

Kiɗa nake haɗawa. Ba wai ganga nake ratayawa in shiga gidan biki ba, a'a, a tab nake yi da wata manhaja, ƙofa a rufe, iyafis a kunne. Ɗan kiɗan nan da kuke ji a ƙarƙashin tallan masu kek da masu turaren wuta da teloli a status, da yawansa daga kan katifata ya fito. Ba wanda ya koya min, bidiyo na yi ta kallo har hannuna ya faɗa. Kuma in gaya muku gaskiya, in aka raba ni da abin nan ban san wace Zaitunar za ta rage ba.

Baba ya san ina "aikin kwamfuta", kuma Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa tambayar wane iri ba. Gwaggo 'Yardada ce ta san komai. Yayar Baba ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, kuma bango ɗaya ne tsakanin gadonta da nawa. Ranar da manyan Abdulbaqi suka zo suka tafi, ta kira ni ɗakinta ta turo ƙofa.

"Gidan mahaddata za ki shiga," ta ce. "Kakansa Goni, ubansa Goni. In suka ji amaryarsu makaɗiya ce, wallahi ko goron ba za su waiwaya ba. Ki kama bakinki har a shafa fatiha. In kin tare a ɗakinki kya san yadda za ki lallaɓa shi."

"Gwaggo, ai wannan yaudara ce."

"Kunya ce sunanta. Tashi ki ba ni wuri."

Ana cikin haka tsohon tab ɗina ya ce ga garinku nan. Bayansa ya kumbura kamar fanke, ya ƙi caji, ya ƙi kawo wuta. Allah ya taimake ni ayyukana duk suna cikin katin memori, na zare shi na ƙulle a bakin ɗankwali.

To a nan sai na ɗan yi muku karatu, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane wahalata ba. Tab abu biyu gare shi da mai haɗa kiɗa yake dubawa. Akwai ma'ajiya, ita ce kamar siton gida, nan ake jibge sautukan kalangu da gurmi da sarewa da fiyano, kuma sautukan nan ci gare su, kafin ka ankara sun cinye giga sittin. Sannan akwai RAM, shi kuma kamar murhu ne. Sito ya cika da buhuna, in murhunki ɗaya ne tukunya ɗaya za ki ɗora. Ni kuwa waƙa ɗaya sai in jera mata layin sauti ashirin da wani abu, kowanne yana son wuta a lokaci guda. Abin da nake buƙata na san shi kamar sunana: RAM takwas, ma'ajiya ɗari biyu da hamsin da shida. Amma budurwar da aikinta kallon fim da hira a waya, me za ta yi da RAM takwas? Ranar da na faɗi lambar nan, ranar za a tambaye ni dalili.

Abdulbaqi kuma mutum ne mai halaye biyu da sai kun san su. Na farko, bai taɓa kawo abu ɗaya ba. Sabo da kasuwa ne ya bi masa jiki. In mutum ya ce yana son hula, uku zai jera masa ya zaɓa. Ni ma haka yake min. Turare uku, takalmi uku, in ɗauki ɗaya ya mayar da biyu. Akwai ranar da na ce ina sha'awar tsire, ya zo min da na mahauta uku. Na biyu, gaisuwa. Jama'a, Abdulbaqi yana gaisuwa. Zai tambayi Baba, ya tambayi Gwaggo da ƙafarta, ya tambayi mutanen ɗaki, ya tambayi gajiya da zafi da ruwan da aka yi shekaranjiya, ya dawo ya sake tambayar Baba. Har jar akuyar Gwaggo da ke ɗaure a lungun soro sai ya ce, "Ya dabba?" Ni ina zaune da kwalliyata, hoda na narkewa.

Ni kuma ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Haka aka tashe mu. "Malam" nake ce masa, in abin ya yi tsanani in ce "ka ji".

Ranar da ya lura ba ni da walwala, muna soron ciki inda muke zance, ya tambaye ni abin da ke damuna. Na ce tab ɗina ne ya lalace.

"Subhanallahi. To ai sai a sake wani. Wane iri kike so?"

Bakina har ya buɗe. Sai na ji tari daga bayan labule, irin tarin nan na Gwaggo da ba na mura ba.

"Duk wanda ka ga ya dace," na ce, ina kallon yatsun ƙafata.

Da ya tafi na faɗa kan katifa na jawo waya na rubuta wa Shamsiyya, ƙawata tun firamare, wadda ita ce take samo min masu talla.

"Na kashe kaina. Ya tambaye ni wane iri, na ce duk wanda ya ga ya dace."

"Ke banza ce wallahi," ta rubuto. "Mutumin da yake zaɓen waya da nauyinta a hannu? Tura masa lambobin yanzu."

"In ya ce me zan yi da su fa?"

"Ki ce karatu."

"Wane karatu ne yake cin RAM takwas?"

Ta turo min fuskar dariya har layi biyu. Na buɗe shafinsa na rubuta, "Malam, don Allah in za ka duba a samu mai RAM takwas." Na goge. Na rubuta, "Wai an ce masu launin toka sun fi ƙarko." Na goge. Daga ƙarshe abin da na tura shi ne, "Allah ya huta gajiya." Ya amso da amin, sannan ya tambayi ƙafar Gwaggo.

Ran Asabar bayan la'asar ya zo. Na sa atamfata mai ruwan ganye ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, na turara jikina har sai da Gwaggo ta ce ko gobara ake yi. Shi kuma farar shadda ce a jikinsa, da wata hula zanna mai ruwan ƙasa da ya karya ta gefe, sai ƙamshi yake. Na ajiye masa kunun aya da alkaki. Ya buɗe jaka ya jera kwalaye uku a kan darduma, ya zare kowanne daga kwalinsa ya ɗora a kai, yadda yake jera huluna.

Na farko ƙato ne ruwan gwal, sai sheƙi yake, har da rigarsa mai maɗauri. An rubuta 12 a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, gabana har ya faɗi don murna. Da na ɗan karkato kwalin sai na ga ƙananan rubutu a ƙasa: uku da tara. Wato uku ne nasa na gaske, taran aro ce ake yankowa daga ma'ajiya, ma'ajiyar ma sittin da huɗu ce. Na biyu ɗan ƙarami ne ruwan hoda da alƙalaminsa, RAM huɗu. Na ukun kuwa wani mummuna ne ruwan toka, mai kauri, ko riga ba shi da ita, amma shida ne cif, ma'ajiya ɗari da ashirin da takwas. Bai kai abin da nake so ba, sai dai a cikin ukun shi ne mutum.

Ina shirin miƙa hannu wajensa aka ɗaga labule. Gwaggo ce da kanta, ta sha laffaya kamar za ta gidan suna, wai ta zo sa albarka.

"Masha Allah. Kai, ɗan nan, ka iya sayayya." Ko kallon sauran ba ta yi ba, ta nuna na gwal. "Ai ga shi nan. Wannan ta zaɓa. Ranar da 'yan ganin ɗaki suka zo a ɗora shi a kan madubi kowa ya gani."

"Gwaggo, da dai an bari..."

"Kunya take ji, ɗan nan. Tun tana ƙarama take son ruwan gwal."

Ni da ko ɗan kunnen gwal ba na sawa. Na ce a hankali, "Bari in ɗan kunna shi in ga haskensa."

Nan fa gaisuwar Abdulbaqi ta yi min rana. Ganin Gwaggo ta zauna, ya gyara durƙuso ya ɗauko ta daga farko. Kafin ya gama da ƙafarta ya shiga maganar maganin da ƙanwar Hajiyarsu take shafawa, na haɗa tab ɗin da datar wayata, manhaja ta sauka, na kwance bakin ɗankwali na zura katin memori, na soka iyafis na tura shi ƙarƙashin mayafi. Niyyata ɗaya ce: in ɗora masa aiki mafi nauyi, in ya kasa in samu bakin cewa yana da matsala.

Aikin da ya fi kowanne nauyi a katin nan kuwa wata waƙa ce da ban yi ta don kowa ba. Ni da Shamsiyya kaɗai muka taɓa jin ta. Akwai kalangu, akwai gurmi, akwai tafi da sarewa, ga muryata har hawa uku tana amsa wa kanta. Kuma a kan Abdulbaqi na yi ta. Kar ku tambaye ni ina hankalina ya tafi, ni ma na nema ban gan shi ba.

Tab ɗin ya daɗe yana juyi kafin ya buɗe waƙar. Na danna. Kalangu ya shigo a kunnena yana ɗingishi, gurmi ya biyo shi da kyar. Daidai inda muryata za ta shigo, Gwaggo ta miƙo hannu.

"Kawo in gwada shi da laffayata, ina ga launinsu ɗaya."

Ta fizga. Wayar iyafis ta fita. Shi kuma tab ɗin, da ma a kan gaɓa yake, ya zaɓi wannan lokacin ya sandare.

"Abdul-Abdul-Abdul-Abdul-Abdul..."

Muryata ce, jama'a. Muryata tsaf, da ƙarar da ban san ƙaton banzan nan yana da ita ba, da ɗan guntun kalangu yana ƙwanƙwasa a bayanta. Na danna fuskarsa, ko gezau. Na danna rage murya, ko gezau. Gwaggo ta saki salati ta jefa shi kan darduma, ya ci gaba. Ta kifa masa farantin alkaki, ya ci gaba daga ƙarƙashi. Ta jawo tum-tum ta danne shi ta hau kai ta zauna da duk nauyinta, sai sunan ya koma fitowa a shaƙe daga ƙarƙashin Gwaggo. Akuya ta miƙe ta fara kuka. A soron waje, inda Baba yake ba magidanta karatu, na ji an yi tsit, sannan na ji Baba ya ci gaba da fassara da murya sama da yadda ya saba.

Ni dai na ja mayafi na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta taimaka ta buɗe.

Abdulbaqi ne ya ce, "Gwaggo, a ɗan ɗaga." Ta ɗaga. Ya zaro tab ɗin ya danne maɓallin gefe ya riƙe, har sai da ya mutu. Soron ya yi shiru, ba ka jin komai sai akuya.

"Kayan zamani ke nan," in ji Gwaggo tana gyara laffaya. "Da waƙarsu suke zuwa. Kamfani ne suka sa."

"Da sunana, Gwaggo?"

"To Abdul nawa ne a duniya?"

Bai ja da ita ba. Ya juyo wajena. "Zaituna, muryarki ce."

Ba tambaya ya yi ba. Gwaggo tana ta zungurina da gwiwa. Wallahi a lokacin na ga auren nan yana naɗe tabarmarsa, kuma tsoro ya kama ni sosai, don ban shirya rasa shi ba. Amma kuma wata gajiya ta sauko min. Na hango kaina a gidansa ina ɓoye iyafis a cikin tukunya, ina jiran ya fita kasuwa kafin in zama ni.

"Tawa ce," na ce daga cikin mayafi. "Ni na haɗa. Kiɗan ma ni na haɗa. Sana'ata ce, na daɗe ina yi."

"Innalillahi," in ji Gwaggo, a hankali, kamar an aiko mata da rasuwa.

Ya juya tab ɗin a hannunsa. Na jira ya ce haram, ko ya ce me ya sa ban faɗa ba. Sai ya ce, "To me ya sa ya tsaya a Abdul?"

Na buɗe ido ɗaya. Da gaske yake tambaya, irin fuskar da yake yi in ana nuna masa saƙar hula. Sai na yi masa bayanin sito da murhu, na jawo kwalin na nuna masa ukun da taran aro. Ya kai kwalin kusa da idonsa ya karanta ƙananan rubutun, ya girgiza kai.

"Mu ma akwai masu yi mana haka a hula. Aikin inji, a ce na hannu." Ya ajiye. "A cikin biyun nan wanne ne zai iya ƙarasawa?"

Na nuna mummunan.

"Sa mu ji."

Masu karatu, a nan ne na gane abin da na jawo wa kaina. Ashe ƙaton gwal ɗin nan rufa min asiri ya yi da ya maƙale. Sunan ai ba komai ba ne a kan abin da yake biye da shi. Ina iya cewa katin ya lalace. Ina iya cewa data ta ƙare. Gwaggo ma ido take ta ƙifta min, tana nuna min ƙofa da haɓa. Amma na riga na fito, komawa ciki kuma ya fi ƙarfina. Na ɗauki mai ruwan toka, na sauke manhaja, na zura katin. Ya buɗe waƙar ba wani jan ƙafa. Na ajiye shi a tsakiyar darduma na danna, na mayar da fuskata cikin mayafi.

Kalangu ya shigo garau. Gurmi ya bi shi, tafi ya ɗauka. Sai ni:

"Abdulbaqi mai gaisuwa,
ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo,
ya gaida ƙofa, ya gaida bango,
ya tambayi akuya ya ta ji da zafi.
Ni ina zaune hoda na narkewa,
kafin ya zo kaina an kira magariba."

Muryoyina uku suka amsa, "An kira magariba," har da 'yar guɗa da na saka don iskanci. Na ji Gwaggo ta yi wani sauti, ban sani ba ko kuka ne ko dariya ce ta ƙwace mata. Sai kiɗan ya lafa, sarewa ta rage ita kaɗai, baitin da na fi jin kunyarsa ya shigo:

"Amma ranar da bai zo ba,
soron nan faɗi yake min.
Ku bar shi ya gaida duniya,
ni zan jira ya zo kaina."

A ƙarshe, inda duk kayan kiɗan suke haɗuwa, tab ɗin ya ɗan sarƙe sau biyu, sannan ya kai ta gaɓa.

Na leƙo. Abdulbaqi yana kallon darduma, fuskarsa ba ta ce komai ba. Kunnuwansa ne dai na ga kamar sun yi ja.

"Shi ma ya yi tari a ƙarshe," ya ce.

"Shida ne. Takwas aikin yake so, takwas na gaske ba aro. Da ma'ajiya ɗari biyu da hamsin da shida, saboda sautukan." Tunda na riga na zube, ai gara in zube duka.

Ya gyaɗa kai. Ya zare katin memorin ya miƙo min. Sannan ya mayar da na gwal kwalinsa, ya mayar da na hoda, ya ɗauki mai ruwan tokar ma ya mayar. Duka ukun ya zuba a jaka ya ja zif. Ya miƙe.

"Gwaggo, sai anjima. Zaituna, sai anjima."

Shi ke nan. Mutumin da sallamarsa kaɗai takan kai a dafa shayi, ya fita da kalma biyu. Ko kunun ayar bai taɓa ba.

Gwaggo ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta tattara farantin alkaki ta ce, "Kin huta," ta shige ɗaki. Da magariba na kai mata tuwo ta ce ta ƙoshi. Na duba waya, babu saƙonsa. Bayan isha na sake dubawa, babu. Na rubuta wa Shamsiyya duk abin da ya faru.

"Har baitin akuyar?" ta tambaya.

"Har guɗar."

"To Allah ya sa mu ji alheri. Amma wallahi waƙar ta yi daɗi."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ba kukan nadama ba ne, don ko a lokacin ban ji da na sani ba. Kukan kewarsa ne tun bai gama tafiya ba.

Washegari ko wanka ban yi da wuri ba. Ina tsakar gida da tsohuwar doguwar riga ina tsince shinkafa, bayan la'asar, na ji sallama a soro. Muryarsa ce. Tiren ya kusa kifewa. Na zura hijabin salla a kan rigar, ba hoda ba turare, na fita. Gwaggo ta riga ni isa, ko ɗingishin ƙafar ta manta.

Ya gaishe ta, gaisuwa cikakkiya da duk rassanta, ta amsa tana kallon jakarsa. Ya buɗe ya ciro kwali ya ajiye a kan darduma. Ɗaya.

"Ina sauran biyun?" in ji Gwaggo.

"Babu saura, Gwaggo. Ta riga ta zaɓa tun jiya. Da ma ta san abin da take so, ni ne na tambaye ta a inda ba za ta iya faɗa ba."

Na jawo kwalin na juya bayansa. Takwas, ba wani ƙaramin rubutu a ƙarƙashi. Ɗari biyu da hamsin da shida. Baƙi ne wuluk, ya ma fi na jiya muni. Na rungume shi a ƙirji, hawaye suka cika min ido.

"Shago biyar na shiga," ya ce. "Duk wanda ya nuna min kwali sai na juya bayansa. Har wani ya tambaye ni ko gyaran waya nake yi." Ya ɗan gyara hula. "Sai dai akwai magana. Ni ba na so a ɗaura a kan ɓoye-ɓoye, don haka na faɗa a gida."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ka faɗa wa wa, ɗan nan?"

"Hajiyarmu da Baba Goni. Hajiya ta ce lallai a tura mata waƙar, tana so ta ji yarinyar da ta lura da abin da ita ta shekara talatin tana fama da shi. Ta ce doguwar gaisuwar gado ce, wai Baba Goni ya fi ni."

"Shi Gonin fa?"

"Bai ce komai ba tukuna. Ya dai ce zai zo su zauna da Malam Hashim ranar Juma'a." Ya kalle ni. "Ban san me zai ce ba, Zaituna. Amma na gaya masa ni na ji, kuma ban fasa ba."

Gwaggo ta yi ta kallonsa, ta kalle ni, ta kalli baƙin kwalin. Sai ta miƙe tana cewa bari ta je ta ga shinkafar da na bari kaji na ci, kuma ko kusa wannan abin ba za a ɗora shi a kan madubi ba. A karon farko tun da ya fara zuwa gidanmu, na ji takunta ya wuce labule ya yi nisa har tsakar gida.

Ya leƙa lungu ya ce wa akuya, "Ya aka ji da zafi?" Na tuntsire da dariya da hawayen da komai. Ya jira na gama.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "Tab ya faɗa, har maƙwabta sun ji. Ke ce ban taɓa ji daga bakinki ba."

"Me?"

"Sunana."

Na kalli labule, ba kowa. Na kalli kwalin da ke ƙirjina. Na ja numfashi, na ce ai abin da na rera da murya uku ba zai gagare ni da ɗaya ba. Na buɗe baki.

"Abdul..."

Sai na maƙale. Wallahi ko gaba ko baya, fuskata ta ɗau zafi, sauran sunan ya tsaya min a wuya.

Ya gyara zama a kan darduma, ya jawo kofin ruwan da Gwaggo ta ajiye masa gabansa.

"Ba komai," ya ce. "Ke kin jira ni. Zan jira ki ƙarasa."